Malam Habibu da Injunan da Na Saya wa Nusaiba

Maman Walida, uwargidan Malam Habibu, da duk wanda wannan takarda ta iso gare shi cikin 'yan'uwa da ɗaliban marigayi, assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da zan ɗora muku karatu a kwanakin da zuciya ba ta son komai. Ni ba gwanar rubutu ba ce, allo na fi sani. Amma akwai haƙƙin Malam Habibu a wuyana, na kuma ga gara in faɗe shi a gaban mutane, tunda a gaban mutane na ɗauke shi.

Ina wani shagon yadi a unguwar Masjid India, a nan ƙasar waje da muke zaune, da hantsi, ana auna min abin hijabi, maigidana ya kira. Ya ce in nemi wuri in zauna. Ya ce an bugo daga Zariya, Malam Habibu ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, har an kai shi. Na yi salati. Mai shagon ta miƙo min kujera da ruwa. Abin da ya fara faɗo min a rai, Allah Ya gani, shi ne ban taɓa neman yafiyarsa ba.

Ga waɗanda ba su san zamanmu ba: Malam Habibu abokin aikin maigidana ne a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, yana koyar da aikin injiniya, har ya koma gida shekara biyu da suka wuce. Mutum ne mai sanyin magana. Ba ya wuce yaro bai tambaye shi karatu ba. Idan sabon ɗalibi ya sauka daga Najeriya bai san gari ba, shi ke kai shi ya nuna masa motar da zai hau da inda ake samun abinci mai sauƙi. Ke kanki, Maman Walida, kin sha yi mana ƙorafin kusoshi da 'yan ƙarafan da kike tsinta a aljihunsa ranar wanki. Shi ne kuma mai kula da ƙungiyar ɗaliban da ke haɗa mutum-mutumi don shiga gasa. Idan abin da suka haɗa ya motsa suka hau ihu, sai ya ce, "Alhamdu lillahi. To, wa zai gaya min dalilin da ya sa ya motsa?"

'Yata Nusaiba tana cikin ƙungiyar, ita aka ba aikin ƙafafun. Ta kusa shekara tana zana wata irin ƙafa wadda kowace taya take da injin lantarki biyu ƙanana, ɗaya na tura ta, ɗaya na juya fuskarta duk inda ake so. Taya huɗu, inji takwas ke nan. Ta ce da irin wannan ƙafa mutum-mutumin zai tafi gaba, ya tafi gefe, ya juya a inda yake tsaye ba tare da ya yi kwana ba. Abin da jami'a ta ba su bai isa sayen injunan da take so ba. Ni kuwa ina dafa tuwo da miya, ɗalibanmu na zuwa gidanmu a unguwar Sentul su yi tapau, wato su saya a ƙunsa musu, su tafi da shi. Da abin da na tara na saya mata duka takwas ɗin. Na ji daɗin yin haka ƙwarai.

Saura kwana goma gasa ta dawo gida idonta ya kumbura. Ta ce gasar tana da doka: kuɗin kayan da aka haɗa mutum-mutumi da su ba zai wuce wani adadi ba, kuma kowane abu sai an rubuta farashinsa a takarda an miƙa wa alƙalai. Su yaran sun rubuta "kyauta" a gaban injunan. Malam ya soke, ya rubuta farashin shago, lissafi ya haura iyaka, ya ce sai an cire.

A wurinmu abin da uwa ta ba 'yarta ba a yi masa kuɗi. Na ɗauka Malam bai san ni na saya ba ne. Washegari na saka hijabi na tafi ɗakin aikinsu.

Na tarar da su zagaye da mutum-mutumin, ya ɗaga ƙafafu sama. Wani ɗan Katsina mai suna Bashir yana cewa, "Malam, a bar shi a kyautar nan mana, wa zai bincika? Tuwo ne fa ya zama inji."

Malam ya ce, "To ka rubuta malmala nawa, in alƙalin ya yarda ni ma na yarda." Suka yi dariya. Da ya gan ni ya miƙe, muka gaisa.

Na ce, "Malam, ni na ba ta. Ba sata ba ce, ba bashi ba ne."

Ya ce, "Na sani, Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Amma su ba su tambayi wa ya biya ba, nawa ake sayar da shi suka tambaya. An yi dokar nan ne saboda yaron da ba shi da uwar da za ta saya masa."

Na ce Nusaiba shekararta guda a kan aikin nan. Ya ce ya fi kowa sani. Ya ce abin da ba za su iya faɗa wa alƙali baki da baki ba, ba za su ɗaura shi a jikin ƙarfen ba. Nan na dubi Nusaiba tana share ido da gefen mayafi, raina ya ɓaci, na ce masa a gaban ɗalibansa, "Ai don ba kai ka haife ta ba."

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haka ne, Hajiya." Na fito.

Abin da ya biyo baya a bakin Nusaiba na ji. Bai yar da zanenta ba. Ya zaunar da ita ya ce ta nemo abin da za a iya ragewa ƙafar ta ci gaba da zama tata. Kwana biyu tana fama, yana ƙin gaya mata amsa, har ta gano cewa za a iya zagaya tayoyin huɗu da sarƙa ɗaya, irin ta keke, inji ɗaya ya riƙa juya fuskarsu tare. Takwas suka koma biyar, lissafi ya sauko ƙasa da iyaka. Mutum-mutumin ya ci gaba da tafiya gefe kamar ƙaguwa, amma ya daina iya juyawa a inda yake tsaye. Wannan rashin ne ya fitar da su a zagaye na uku. Ba zan ɓoye ba, ta yi kuka. Sai dai ta ce da alƙalai suka zo duba takarda, ita Malam ya tura gaba, suka bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana ba su amsa, ba ta ji gabanta ya faɗi ko sau ɗaya ba.

Bayan gasa ya zo gidanmu da injuna ukun da suka rage, kowanne a kwalinsa, ya ce a ba ni ko shagon zai karɓa. Ina ɗaki ina jin muryarsa. Ban fito ba. Daga baya mun ci gaba da gaisawa, da Sallah ma kun zo mana, ya ci abincina ya yaba. Ko a fuska bai nuna min komai ba, ni kuma na fake da wannan. Da za ku tafi na ce zan faɗa a filin jirgi, mutane suka yi yawa. Na ce zan kira a waya. Ban kira ba.

Na san hukuncin wanda ya muzanta mutum a gaban jama'a, tun ina yarinya aka karantar da ni. Na yi masa sadaka, ina kuma sa shi a addu'a bayan kowace salla. Ɗaliban da suka ji maganata a ranar, ku shaida na janye ta, ba gaskiya na faɗa ba. Ya riƙe Nusaiba riƙon da uba yake yi wa 'yarsa.

Allah Ya jiƙan Malam Habibu, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Allah Ya ba ki haƙuri, Maman Walida, Ya raya Walida da ƙannenta, Ya tsaya musu a duk inda mahaifinsu zai tsaya.

Roƙona gare ki biyu ne. Idan ya taɓa ambata maganar nan a gida, ki gaya min abin da ya ce, ko da mai zafi ne. Idan kuma bai ambata ba, ke da yaran ku yafe min a madadinsa. Na san kina takaba, layi biyu ma ya isa, ko ki sa Walida ta rubuta. Don Allah kada amsar ta daɗe.

Taki,
Maman Nusaiba, Sentul