Tiyar Geron da Aka Ba Jikata

Ni ban taɓa zama a bencin lakol, makarantar boko, ba, amma na san wulaƙanci in na gan shi. Na kuwa gan shi a shekarar da jikata ta dawo Gazawa da aikin karatunta.

Marainiya ce, ɗiyar ɗana na biyu da Allah ya yi wa rasuwa. A ɗakina ta tashi. Ta gama lakol, ta tafi jami'a a Yamai, ta gama, ta ce saura wani mataki da suke kira mastar, a fannin tarihi. Aikin da malamanta suka ɗora mata shi ne ta bi tsofaffi ta ji yadda kakanninmu suka ƙetaro daga ƙasar Katsina, suka sari daji, suka zauna nan. Kullum tana bisa kabu-kabu, da salularta ta ɗaukar murya.

To, wata ranar kasuwar Cadawa ta je wurin wani dattijo. Ya ba ta labarin gidansu tun daga wanda ya fara haƙa rijiya. Don kada ta yi kuskure, sai ta maimaita masa a ƙofar gida, gaban jama'a: wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Dattijo ya ji daɗi har da hawaye. Ya sa aka auno mata tiyar gero, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar maroƙa. Rabon da a jero mini kakannina haka tun rasuwar maroƙin gidanmu."

Mayar wa babba kyauta zagi ne. Yarinya ta ɗaure gero a bayan babur, ta taho.

Labari ya riga ta isowa. Mata a bakin famfo suna tambayarta, "Ke ɗiyar Yamai, ina kika baro kalangun?" Wata ta ce ta zo sunan jikanta ta yi musu kirari. Ni ban raina maroƙa ba, sana'arsu ce, gadonsu ne. Abin da ya ƙona mini rai, masu dariyar nan su ne ranar rikicin iyakar gona za ka gan su suna yawon neman wanda ya san wa ya fara sara. Ranar nan tarihi yana da daraja. Yau da yarinya mace ta ɗauke shi, ya zama abin tsokana!

Baffanta, babban ɗana, ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Inna, gidan nan ba mu gaji roƙo ba. Yamai ta gama zuwa. Ta zauna, in nema mata aikin ofis a buron wani abokina."

Yarinya ta ce, "Baffa, bincike ne fa."

Ya ce, "Bincike da tiyar gero?"

Ta shige ɗaki tana kuka. Ni kuwa na zauna ina juya maganar. Dattijo bai yi laifi ba. Ya ga baƙuwa ta zo hannu sake, ta jero masa asali, me zai ɗauka? A wurinmu wanda ya zo neman sani shi ke kai goro.

Da kasuwa ta zagayo na sayi goro, na sa aka ɗaura amalanke, na ce mata ta hau. Da ciwon gwiwata muka je Cadawa. Na durƙusa gaban dattijon, na ajiye goro, na ce, "Malam, ɗalibarka na kawo, ta zo ƙarin karatu." Ya dube ni, ya dubi goro, ya ce, "Subhanallahi! Ashe malama ce." Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma kusa da tasa.

Haka na riƙa bin ta gari gari, har wajen Gidan Sori. Mutane suka fara cewa baffanta ya bar tsohuwarsa tana yawon amalanke. Wannan ce ta ci shi, ba hujjata ba. Ya zo ya ce, "Inna, don Allah ki zauna gida. Ta koma ta gama."

Ta koma, ta gama. Yanzu tana koyar da tarihi a lise, babbar sakandare, kuma matan famfon nan 'ya'yansu na gabanta suna ce mata madam. Ko ɗaya cikin matan ba ta zo ta ce mini ta yi kuskure ba, ni ma ban manta ba.

Geron kuwa na daka shi na yi fura. Baffanta ya sha fiye da kowa. Sai da ya ajiye ƙwarya na faɗa masa inda ya fito.