Yaya Ramatu da Baƙin da Suka Zo Auna Makarantunmu

Shekara bakwai ke nan da muka raka Yaya Ramatu makwancinta. Ita ce babbar yayata, ita ta riga ni zuwa New York daga Maraɗi, kuma a ɗakinta na titin Grand Concourse, a unguwar Bronx, na fara sauka. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, a bakinsu ta koyi Turanci, shi ya sa ta fi kowa sanin sunayen ciwon gwiwa. Ni kuwa jakunkuna nake kasawa a Canal Street, Turancina na ciniki ne. In zance ya wuce farashi sai in koma Faransanci, in ya ƙare in koma murmushi.

Abin da ya tuno min da ita a bana saƙo ne daga makarantar autana. Yanzu na'ura ke fassara musu, saƙon ya shigo wayata da Hausa, wai ana gayyatata “buɗaɗɗen gida”. Na daɗe ina tunanin gidan wa aka fasa, kafin in gane ranar ziyarar iyaye ake nufi. Na yi dariya ni kaɗai. Da Yaya na raye da ta ce na'urar ba ta da tarbiyya, don ko sallama ba ta yi ba.

Shekarar da 'yata Nafisa take aji huɗu aka sanar cewa wata tawaga za ta zo tantance makarantun gwamnati na gundumarmu. Ba ɗaya bayan ɗaya za a auna su ba, a dunƙule ne, har da ofishin da ke kula da su, in an gamsu a ba su shaidar inganci gaba ɗaya. Shugabar makarantar Nafisa ta roƙi Yaya ta kawo iyaye masu jin Hausa, ta kuma zama tafinta.

Yaya ta fahimci abin yadda ta ga dama. A ganinta wake ɗaya ke ɓata gari: uba ɗaya ya yi ƙorafi, gunduma ta faɗi, takardun yaranmu su zama na ƙunshe ƙosai. Ta tuna zuwan sufeto lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a gida, lokacin da malaminmu kan ari bencina daga maƙwabta. Sai ta tara mu a falonta ta yi mana horo. Kowa ya sa kayan Juma'a, kowa ya yi godiya, wanda ke da kuka ya bar shi a gida.

Ni kuwa ina da kuka. A Bronx aka haifi Nafisa, in na yi mata Hausa da Turanci take ba ni amsa, amma ga ta a ajin masu koyon Turanci. Shekara biyu ina zarya ofis ina tambayar dalili, babu mai jin bakina, sai a miƙo min takarda. Takardun har sun cika leda. Na ga ana cutar yarinyar, tana zaman koyon abin da take koya min.

Ranar ta zo. Yaya ta iso da kular dambu. Aka ce mata tawagar ba ta karɓar kyauta, ta ce wannan ba kyauta ba ce, abinci ne. Aka ajiye kular wajen mai gadi, muka shiga ɗakin karatu. Baƙin su uku ne, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau. Ta tambaya ko makaranta na sauraron iyaye, ta nuna ni.

Nan horo ya tashi a banza. Na fara daga ranar da aka haifi Nafisa, na bi ta kan kowace zarya, har na bugi tebur sau biyu. Da na gama, Yaya ta gyara mayafi ta fassara. Ko da ɗan Turancina na gane abin da ta ce: wai ina godiya, malamai suna ƙoƙari.

Dattijuwar ta leƙo ta saman tabarau, ta ce ai mutumin ya daɗe yana magana. Yaya ta ce haka Hausa take, rabinta gaisuwa ce. Aka tambaye ta bugun teburin fa? Ta ce haka muke nuna farin ciki a garinmu.

Na jawo ledar takardun na zazzage a gabansu. Yaya ta take min ƙafa ta ƙarƙashin tebur, takun da na kwana uku ina jin sa. Dattijuwar ta ɗauki takardun tana dubawa, sannan ta yi wa Yaya bayani a hankali. Ta ce ba su taɓa ganin gundumar da ba ta da matsala ba, kuma ƙorafin iyaye ba ya kayar da kowa. Abin da suke tsoro shi ne gundumar da ba ta san ciwonta ba.

Yaya ta juyo gare ni.

“Isufu, ashe yau ranar wanka ce. To ba a ɓoye cibi.”

Daga nan babu wanda ya sake samun bakin magana. Ta fassara nawa tsaf, ta ɗora nata. Ta ce ana sa taron iyaye da hantsi, lokacin da kowa ke bakin aiki, sannan a ce ba mu damu ba. Ta ce in yaro ya yi laifi shi ake ba takardar ya fassara wa ubansa, an ba kura ajiyar nama ke nan. Ta kawo sunan wata maƙwabciya da ta yi wa ɗanta addu'a a kan takardar kora, don ya ce mata ta yabo ce. Shugabar makaranta tana bakin ƙofa, fuskarta kamar ta sha maɗaci. Tsoro ya dawo kaina, na taka ƙafar Yaya. Ta dubi baƙin ta ce ƙanenta ya ce ta ƙara.

Bayan watanni gunduma ta samu shaidarta, tare da umarnin ta gyara yadda take magana da iyaye. Aka sake gwada Nafisa, aka mayar da ita aji da sauran yara. Aka fara kiran tafinta ta waya in mun je ofis. Shugabar makarantar ta yi zango guda ba ta gaida Yaya, daga baya ita da kanta ta sa ta a kwamitin iyaye. Yaya ba ta taɓa ba ni haƙuri ba. Duk ranar da na tayar da zancen sai ta ce tafinta kamar mai girki ne, ba ya kai wa baƙo shinkafa da tsakuwa.

Na daɗe kafin in gane ƙaryarta da gaskiyarta a ranar daga wuri ɗaya suka fito. Ba ta haihu ba, amma ta ɗauki yaran unguwa nata, duk abin da ta ga zai taɓa su sai ta tsaya a gabansa.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar kanti ba. Abin da ta bari su ne matan da ta yi shekaru tana rakawa makaranta, tana koya musu su zauna a kujera, su nemi a sake bayani in ba su gane ba. Makon jiya a ƙofar makaranta na ga ɗaya daga cikinsu, matar da a da ko ɗaga ido ba ta yi a ofis, ta riƙo hannun wata baƙuwa da ta zo daga Damagaram, tana ce mata ta shigo, makarantar tasu ce. Na tsaya har suka shige.

Allah ya jiƙan Yaya Ramatu, ya sa ta tarar da sauƙi a tambayar da ba ta buƙatar tafinta.