Ranar da Motar Gawa Ta Tsaya a Ƙofar Tanti Viyon

Shekara goma sha tara Zinsu ya yi yana tuƙa motar gawa a Kwatano, kuma in ka tambaye shi zai ce fasinjansa bai taɓa yi masa gardama ba. Gajere ne mai tumbi, ba ya rabo da baƙar kwat ko da rana za ta narkar da kwalta. Litinin zuwa Alhamis ba shi da aiki sai wanke mota da gyangyaɗi a ƙofar ofishin Madam, matar da yake yi wa tuƙi. Juma'a da Asabar kuwa ba ka ganinsa, don mu nan ba a gaggawar binne mutum: sai an ajiye shi a ɗakin sanyi, dangi sun ɗinka anko, an ɗauko 'yan badujala. Gwanintar Zinsu tafiya a hankali ce. Yana iya bin masu busa tun daga Zogbo har maƙabarta, mota na rarrafe, ba ta taɓa dunduniyar mai ganga ba, ba ta kuma bari ya yi mata nisa ba. Da wannan yake tinƙaho, kuma da gaskiyarsa.

Wata Asabar aka ba shi gawar wani tsohon tela. Kamar yadda aka saba, aka bi da mamacin ta gidansa ya yi sallama. Zinsu ya tsaya daidai ƙofa, inda matar telan, Tanti Viyon, ta shekara talatin tana sayar da akasa, wato tuwon kamu, da soyayyen kifi. Ya ɗauke ƙafa daga totur zai fita ya buɗe baya, sai motar ta kama rawa kamar mai zazzaɓi. Akwatin ya yi ƙara, furannin da ke kansa suka zubo, inji ya yi tari biyu ya mutu. 'Yan badujala suka sauke ƙahonninsu.

Ba wanda bai san fassarar ba: mamaci ya ƙi tafiya, yana da magana da wani a gidan nan. Gidan kuwa mutum ɗaya ya rage a ciki, Allah bai ba su haihuwa ba. Aka zuba sodabi, giyar gargajiyar nan, a ƙasa, aka lallashi marigayi, Zinsu ya sake tayar da mota. Kafin a gama rufe kabari, Dah Gandonu, wan mamacin kuma babban dangi, ya sanar cewa Lahadin sama za a zauna a duba ko Tanti Viyon za ta ci gaba da zama a gidan.

Abin da ya hana Zinsu sakat shi ne ya san ba yau motar ta fara ba. Asabar biyu da suka wuce ta yi masa irin wannan karkarwa, ya danne ta da ɗan yatsan ƙafa a kan totur, ya ce zai kai ta gareji in ya samu sarari. Sarari kuwa kwana huɗu yake da shi kowane mako, gyangyaɗi ya cinye su. Yanzu ga tsohuwa za ta rasa ɗakinta saboda lalacinsa. Kunya ta kama shi, haushin kansa ya fi kunyar yawa.

Litinin da sassafe ya kai ta wurin Fofo Bernaba, bakaniken da ke Voje, mutum mai dogon wuya da ba ya sauri ko gobara ake yi. Aka tayar da mota. Shiru, lafiya lau, ko kofin shayi ka ɗora a kan inji ba zai zube ba. Bernaba ya saurara, ya ce silo daidai yake, wato bugun inji in mota na tsaye, amma tunda an zo bari ya canza fulogi. Talata ya canza matatar mai, ya zagi man kwalba da ake saye a bakin titi, alhali shi ma shi yake sha. Laraba Zinsu ya tsallaka Akpakpa wurin wani mai na'ura, aka jona wa motar waya, aka daddanna, aka ce ta fi mai tuƙa ta lafiya. Duk inda ya je haka take zama lumui, sai ka ce don ta ƙaryata shi aka ƙera ta. Madam ta ce ya daina yawo da motarta a kan rigimar dangin da ba nasa ba. Matarsa ma ta ce wa ya sani, ko da gaske telan ne.

Alhamis ya koma Voje ransa a ɓace, ya tsaya a tsakiyar gareji yana faɗa da bakanike, da mota, da duk wanda ya kalle shi. Bernaba ya bari ya gama tas, yana cin gyaɗa.

"Direban marasa magana, kai kam maganarka ta ishe ku ku duka," in ji shi. "Shiga ka yi mini Asabar. Duk abin da kake yi in an sa maka mutum a baya, yi shi ina kallo, kar ka tsallake komai."

"Fofo, wasa kake da ni? Tsohuwa za a kora."

"Shiga dai."

Zinsu ya shiga yana ƙunƙuni. Ya gyara wuyan kwat, ya yi alamar gicciye, ya ɗaga gilasai, ya murɗa makulli. Hannunsa da kansa ya tafi ya danna maɓallin esi, na'urar sanyaya mota. Nan take sitiyari ya fara kaɗawa, madubi ya ɗauki rawa, inji ya shaƙe kamar zai mutu. Ya kashe esi, ta natsu. Ya kunna, ta sake ɗauka.

Tun ranar da ya fara aiki Madam ta kafa doka: esi na gawa ne, mai rai ya buɗe taga, don esi yana shan mai. Shekara goma sha tara yana danna maɓallin nan in akwai akwati, yana barinsa in babu, har ya daina lissafa shi cikin abin da yake yi. Shi ya sa motar ba ta rawa sai da mamaci a ciki. Bernaba ya buɗe maƙogwaron injin ya nuna masa. Esi kaya ne ake ɗora wa inji, akwai kuma wata 'yar ƙofa da ya kamata ta buɗe ta ƙara masa iska in kayan ya hau, ga ta nan baƙin dauda ya liƙe ta. Ya miƙa hannu zai ɗauko buroshi, Zinsu ya riƙe shi, ya ce a bar ta da ciwonta sai bayan Lahadi. Juma'a da Asabar haka ya yi jana'iza uku ƙafarsa a kan totur, har jijiyar ƙaurinsa ta ɗaure.

Lahadi bayan an taso daga coci ya faka a ƙofar gidan telan. Dangi sun cika rumfa a kan kujerun roba, Tanti Viyon na zaune a tabarma cikin baƙin zane, kanta a ƙasa. Ya gaida Dah Gandonu, ya nemi izini, ya buɗe bayan mota kowa ya ga ba komai. Sa'an nan ya nuna musu. Ya tayar da ita ya danna maɓallin esi, mota ta yi rawa. Ya sake dannawa, ta tsaya. Sau uku ya yi, yana bayani yana share gumi, har wasu mata suka fara kallon juna. A lokacin ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka magana ta ƙare.

Dah Gandonu ya taso da sandarsa, ya sunkuyo ta taga kamar mai son duba maɓallin, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, shekara ashirin na ja tasi tsakanin nan da Bohikon. Tun ran nan na ji silonka ne ya faɗi."

Ya miƙe, ya juya wurin jama'a, ya ce ai sun gani da idonsu: babu gawa a ciki, amma da motar ta dawo ƙofar nan sai ta sake karkarwa. Ƙaninsa bai huce ba ke nan.

Zinsu ya fito yana rantsuwa. Ya ce a bi shi kowace ƙofa a unguwar, ko ƙofar fada ce, zai sa ta yi rawa. Ba wanda ya tashi daga kujerarsa. Sai a lokacin ya lura da sabuwar kwaltar da aka shimfiɗa a gaban gidan, da shaguna da ke tasowa hagu da dama. Ashe shi kaɗai ya yi mako yana neman abin da ke damun mota, su gidan suke so.

Kafin la'asar Tanti Viyon ta fito da daro biyu da ƙunshin kaya, za ta koma wurin 'yan uwanta a Alada. Zinsu ya matso ya ce ta bari ya kai ta, mota ba kowa.

"Na gode, direba, ka yi ƙoƙari," in ji ta. "Bari sai ranar da za ka zo ɗaukata da gaske."

Ta tsayar da ɗan acaɓa, aka ɗaure mata darukan a baya, suka tafi.

Washegari Bernaba ya zuba fetur a gwangwanin sadin, ya ɗauko tsohon buroshin haƙori, ya goge 'yar ƙofar nan yana fito. Ya mayar, ya ɗaure, ya tayar, ya kunna esi har ƙarshe. Motar ko motsi ba ta yi ba. Ya tambayi Zinsu ko ya ji yadda ta koma sabuwa. Zinsu agogon hannunsa yake kallo. Gyaran duka minti goma sha biyu ya ci.