Direban da ya sauke ni a Rijiyar Agali

Shekara tara ke nan da muka kai Abarshi makwancinsa a Kalfu, garin da aka haife shi. Duk shekara in wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, don ban san yadda zan bayyana wa mutane cewa babban abin da aminina ya shahara da shi shi ne hana wata tsohuwar mota shan man gazuwal ba. Bana na ga shekaruna sun ja, waɗanda suka san labarin kuma suna ƙarewa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni malamin asibiti ne, yanzu na yi ritaya. A zamanin da nake magana ni ne shugaban ayarin da ke fita daga Tawa zuwa ƙauyukan arewa yin allurar rigakafi, mutane suna kirana Manjo. Mu uku ne: ni, da Hajiya Rabi ungozoma, da Abarshi direba. Motarmu katkat ce, irin mai jan ƙafa huɗu, wadda wani proje, wato shirin tallafi, ya bar mana bayan ya ci moriyarta. Direbobi sun sa mata suna Randa, don duk abin da aka zuba mata sai ta shanye. Gazuwal ɗin da ofis ke ba mu na zagaye guda Takanamat kawai yake kai mu, mu taɓa ƙauyuka kaɗan a gefenta, mu juyo. Makiyayan da ke can gaba, a bakin rijiyoyi, sai dai mu ji labarinsu in baƙon dauro ya shiga cikin 'ya'yansu.

Da aka ba Abarshi makullin Randa, an riga an fara maganar a jingine ta. Ya roƙi babban likita a ba shi sati biyu. Bai taɓa shiga lakkwal, wato makarantar boko, ba, a gareji ya tashi, amma yana da wata irin natsuwa da ban taɓa gani wajen kowa ba. Kwana biyu na farko bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Zagaya ta yake yi, ya tayar da ita, ya koma baya ya tsuguna yana kallon hayaƙi. Ya ce mini baƙin hayaƙin nan gazuwal ne da bai ƙone ba, wato rabon yaran wani ƙauye ne ke fita ta bututu.

Daga nan ya fara rage mata kaya. Ya sauke galari, kangon ƙarfen nan na bisa rufi. Ya kwance wani ƙaton ƙarfe da aka walda mata a goshi, ya fitar da tarkacen da direbobin baya suka tara a ƙarƙashin kujeru. Ya kai bakunan da ke fesa mai cikin inji wajen wani tsohon makanike aka wanke su aka daidaita. Wata rana bayan ɗan gajeren gwaji ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana dafa su da tafin hannu, ya tarar ta hagu ta baya ta yi zafi. Ashe shekara da shekaru birki na riƙe da ita, motar tana jan kanta da kanta, ba wanda ya lura. Allurar da ke nuna yawan mai ta daɗe da mutuwa, sai ya fere sandar aduwa ya yi mata tsaga-tsaga, ita yake zurawa cikin tanki.

Sauran aikin a hanya yake, kuma a nan ne muka sha wuya da shi. In mun shiga rairayi sai ya tsaya ya rage iskar tayoyi, ya sa karabo don ƙafafu huɗu su ja tare. Da mun hau tsandauri sai ya sake tsayawa, ya cire karabo, ya ɗauko famfon hannu. Taya huɗu, cikin ranar bazara, kuma ba ya jin kunyar miƙo mini famfon in hannunsa ya gaji. Kowace safiya sai ya ciro matatar iska ya kakkaɓe. Da an sallame sallar asuba muke tashi, don ya ce rairayi mai sanyi ya fi ɗaukar mota. Ba ya fizga, ba ya gudu, ko gaisuwa za mu tsaya yi sai ya kashe inji.

Ba zan ɓoye ba, mutum ne mai taurin kai. Wata shekara gab da babbar salla wani mai gari ya ba ni rago da buhun gero, Abarshi ya ce ba su shiga Randa. Na tuna masa ni ne shugaba. Ya ce ya sani, amma motar ba ta sani ba. Sati guda ba na yi masa magana sai ta bakin Hajiya Rabi. Direbobin ofis ma ba su so shi ba, don tun da ya fara dawowa da ragowar mai a tanki aka fara yi musu tambayoyin da ba su saba ji ba. Akwai wanda ya daina amsa sallamarsa har ya bar aiki.

Da babban likita ya ga ana dawowa da saura, sai ya ce to a rage mana kason. Abarshi ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutum ba, ya ce a bar mana man, a ƙara mana hanya. Haka muka fara zuwa Rijiyar Agali, wani zango na Buzaye da ke arewa da Takanamat sosai, wanda ake kira da sunan dattijon da ya haƙa rijiyar. Ba a rubuta shi cikin jerin garuruwanmu ba. Zuwan ganin dama ne, in mai ya isa.

A zuwanmu na uku abin ya faru. Mun isa da hantsi, ban ko buɗe akwatin allurai ba sai ga Agali da kansa, ya kama hannun Hajiya Rabi ya ja ta zuwa wata bukka. Matar ɗansa ce, Fatimata, kwana biyu tana naƙuda. Hajiya ta fito ta ce mini ɗan ya gicciye, in ba a yi mata aiki a Tawa kafin faɗuwar rana ba, za a rasa su duka biyun.

Mun bar jarkar mai guda a Takanamat don komawa, amma bi ta can zagaye ne mai nisa, Hajiya ta ce yarinyar ba za ta kai ba. Akwai wata hanyar da ta miƙe kudu ta cikin tuddai, Abarshi ya san ta tun yana yaron mota, sai dai babu inda za a samu ko ɗigon gazuwal a kanta. Ya zura sandarsa ya ciro, muka duba tare. Ni a ganina ba zai kai ba, na kuma faɗa masa. Na ce in mai ya ƙare mana a tsakiyar daji, mun kashe ta a inda ko ruwa babu, gara ta cika a gaban danginta.

Sai kawai ya fara sauke kaya: akwatunan allurai, tabarmi, tukunya, akwatin kayan gyara, kujerar baya, ruwanmu duka sai salka ɗaya. Mijin ya zo zai shiga, ya ce masa ya biyo su a kan raƙumi. Sannan ya juyo wajena. A lokacin ni ƙato ne, na kusa yin Hajiya Rabi biyu.

Ya ce, "Manjo, kai ma nan za ka tsaya."

Na ce, "Ni za ka sauke? Wa ke da ayarin nan?"

"Kai ad da shi. Amma Hajiya ta ishi yarinyar a hanya, ni kuma nauyinka nika tsoro. In motar ta tsaya muna da tazarar da nauyinka ya ci, mi za mu ce ma Allah?"

Na fusata, ga mutane suna kallo. Amma na ɗauke jakata na koma gefe. Suka shimfiɗa Fatimata a baya, kanta a cinyar surukarta, suka tafi. Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne yadda ya tashi a hankali, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Sauran labarin daga bakin Hajiya Rabi na ji shi. Ta ce sau biyu ya tsaya ya ƙara iska a tayoyi, ita tana yi masa magiya, surukar tana kuka, shi yana buga famfo bai ɗaga kai ba. Da ta matsa masa ya ce mata wannan tsayuwar ita za ta kai su. Wajen tuddai ba ya hawa kai tsaye, gefe yake bi inda ciyawa ta kama ƙasa. Da la'asar suka hango Tawa. Daidai kasuwar dabbobi Randa ta yi tari sau biyu ta mutu. Ranar kasuwa ce. Ya leƙo ya ce mace ce a kan gwiwa, nan take dillalai da mahauta suka zubar da abin da ke hannunsu, suka tura ta har ƙofar asibiti.

An ceto Fatimata. Ɗan bai zo da rai ba. Ni kuwa kwana biyu na yi a zangon, na yi wa yara allura kafin ƙanƙarar akwati ta narke, na sha nono da shayi har na gaji. Da Abarshi ya dawo ɗaukata na tare shi da murna, na ce ya yi abin da ba kowa zai iya ba. Ya ce da ya sauke tayar safiya ma, wato ta ko-ta-kwana, wataƙila da ba su tsaya a kasuwa ba. Na ce likita ya tabbatar ɗan ya rasu tun kafin su tashi. Ya gyaɗa kai, amma na san bai karɓa ba. Har ya bar duniya bai taɓa ba da labarin nan da bakinsa ba, in ma wani ya ɗauko shi a majalisa sai ya tashi ya ce zai duba mota.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Motocin ofis na yanzu sababbi ne, masu sanyi a ciki, inji a rufe da roba, in sun lalace sai an jona musu na'ura kafin a san ciwonsu. Ina jin da zai zagaya su yana neman inda zai sa hannu ya rasa. Kabu-kabu sun cika gari. Waya ta kai har bakin rijiyoyi, mace na fara naƙuda ake kira, wannan kam da ya yi murna da shi ƙwarai. Abin da zai ɓata masa rai shi ne hanyoyin arewa da ya sani kamar tsakar gidansa, waɗansu yanzu ba a bin su sai an yi tambaya an sake tambaya. Shi da bai taɓa tsoron komai a daji ba sai ƙarewar mai.

Bai bar gida na siminti ba. Randa an yi gwanjonta tun yana raye, ban san inda ta ƙare ba. 'Ya'yansa suna noma a Kalfu, ba wanda ya gaji tuƙi. Takardar yabo ko ɗaya ba a taɓa ba shi ba, kuma laifina na ciki, don ni ya kamata in rubuta a nema masa, na yi ta ɗagawa har ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Watan jiya na shiga tsohon ofishinmu neman wata takarda. A bango an manna jerin garuruwan da ayarin rigakafi ke zuwa, an buga shi da na'ura. Na sa tabarau na bi shi da yatsa, sai ga Rijiyar Agali tsakanin sauran sunaye. Wata malamar asibiti ce ke riƙe da ayarin yanzu, ba ta kai shekarun ɗiyata ta fari ba. Na tambaye ta ko suna zuwa can, ta ce duk zagaye in hanya ta yi kyau, har ma zangon ya zama ƙauye, akwai aji biyu na lakkwal. Na ce ko ta san yadda aka yi sunan ya shiga jerin. Ta ce a'a, Baba, ita ta ɗauka tun asali yana nan.

Na ja kujera na zauna na ba ta labarin tun daga farko, ta saurara har ƙarshe ko da yake ana jiranta a waje. Da Abarshi ne a wurina ba zai ɓata mata lokaci ba. Tambayarta kawai zai yi ta wace hanya suke bi, in ta faɗa ya ce akwai wadda ta fi ta kusa.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.