Malam Muntaka, Wanda Bai Sa Na Faɗi Sunan Ba

Ranar Talata, huɗu ga Safar na shekarar 1357, Allah ya karɓi ran Malam Muntaka, malamin makarantar boko ta garinmu a ƙasar Dutse. Ina sussuka aka zo da labarin. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Malam, ni ba mai ilimi ba ce. Ajamin da na koya a zauren mahaifina shi nake rubuta maka da shi.

A hannunka littafin 'yan makaranta yake, inda ake rubuta kowane yaro da halinsa da ciwonsa. Kowa ya san ba ka buɗe wa mutum sai shafin ɗansa. Da aka aiko daga gidan dagaci a duba yaran da suka isa aikin hanya, ka ce iyaye ne suka ba ka amana, a je a tambaye su. Ɗana na fari yana da farfaɗiya. Ka rubuta don kada a aike shi rijiya, amma har ya bar duniya babu wanda ya ji daga bakinka.

Bayan sanƙarau ya ɗauke shi, na kasa zama. Ban taɓa rungumarsa a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunansa ba, don kunyar ɗan fari. Sai na ji ina son in san yadda wasu suka gan shi. Na je wurin maiɗakinka, Iya Kubura, ta shimfiɗa mini tabarma bayan asabari, kai kana ɗaya gefen da littafin. Na buɗe baki in faɗi wanda na zo nema, sai na kasa furta sunan. Ka ce, "Bari, Safiyatu. Na san shafin."

Ka karanta mini cewa yana da kyawun hannu, yana yawan dariya a aji, kuma yakan raba ƙosansa da na kusa da shi. Ban san yana dariya haka ba. Duk shekara bayan kaka nake komowa, kana karanta mini layukan nan, kana tsallake sunan saboda ni.

Jiya na je makarantar. Sabon malamin da aka turo daga Kano ya tarbe ni da ladabi, ya ce shi ma ba zai buɗe wa kowa ba sai iyaye, in faɗi sunan yaron kawai. Gaskiyarsa ce, hanyarka ya bi. Na tsaya ina kallon akwatin da littafin ke ciki. Yara na karatu a cikin aji, na ji wani yaro ya yi dariya. Na juyo gida ban faɗi sunan ba. Mahaifin yaron ya rasu, kakanninsa sun rasu. Zan iya aika wani ya faɗa, amma sabon malamin zai karanta har da sunan, ban san ko zan iya ji ba.

Iya Kubura, da 'ya'yanki Huseina da Sale, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare muku gida.

Allah ya jiƙan ka, Malam, ya rufa maka asiri yadda ka rufa wa 'ya'yan mutane, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. In Allah ya haɗa ku a can, ka kira mini shi da sunansa.