Mai Na Ce Musu, Ban Ce Wane Iri Ba

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni fili in faɗi wani kuskure da na yi, ko wani zai tsira da abin da ni ban tsira da shi duka ba.

Shekara uku da suka wuce ni makanike ne a Matamaye, mai shekara arba'in da shida, ina gyaran babura da injinan ban ruwa na masu rake da lambu. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai wuce firamare ba, Faransancina daidai karanta takardar kayan gyara ne. Amma an san ni da tsari. Kowane sifana yana da ƙusarsa a bango, kuma duk wanda ya sayi sabon babur sai na tsare shi da wa'azin rodaji, wato tafiyar sannu da ake yi wa sabon inji kafin a matsa masa. Ban cika dariya a wurin aiki ba. Shi ya sa da na kamu da son wata 'yar motar wasa, ban so gari ya ji ba.

A Kano na fara ganinta, na je sayen kayan gyara. Tsawonta bai kai kamu ɗaya da rabi ba, ana tuƙa ta daga nesa da rimot, amma injin gaske ne a cikinta, da fistan da kabureta da salansa, tana hayaƙi tana kuka kamar ranta zai fita. Nitiro ake kiran irinta, da sunan man da take sha. Na yi wata biyu ina tunani kafin na koma, kuma na yi zaɓin bisa ƙa'ida. Na bar mai batir domin ba ta da abin da zan kwance in ɗaura. Na bar 'yar ƙasa-ƙasa ta tsere domin kwalta ce abincinta, mu kuwa rairayi gare mu. Na ɗauki mai manyan tayoyi, haɗaɗɗiya tun daga kamfani, wadda ake tayarwa da igiya kamar janareta, kuma na tabbata ana samun bujinta, wato fulogi, da matatar iskarta a shagon. Na sayi galan ɗaya na manta. Abu ɗaya na ƙi: wata 'yar kwalbar roba mai dogon baki da ake matsa mai da ita cikin tanki. Mai shagon ya ce in haɗa da ita, na ce masa shekara ashirin da biyar ina zuba mai a inji ba kwalbar kowa.

Mutum biyu kaɗai suka sani. Maiɗakina, wadda ta dubi motar ta tambaye ni ko a nan za ta zauna in za mu biki Dawce, ko kuwa a bayan rimot. Sai wani Alhaji aminina mai shagon taki, wanda ya ce shi dai bai taɓa ganin motar da mai ita ke bin ta a ƙasa ba, amma zai raka ni ya ga ƙarshen abin.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, muka tafi wani fili a hanyar Kurni inda ba jama'a. Tsarina shi ne tanki biyar na rodaji, mai ya yi yawa a inji, ba gudu, a bar shi ya huce tsakanin tanki da tanki. Bakin tankin ƙarami ne, mazurarina ya yi masa girma. Sai na yi abin da kowane makanike da kowane mai sayar da isansi, wato fetur, a bakin hanya yake yi: na zura siririn tiyo a galan, na zuƙa da baki, mai ya taso, na kai tanki. Na farko lafiya. Na biyu kaɗan ya taɓa harshena, na lura ba ya da ɗacin isansi, har wani ɗan zaƙi-zaƙi gare shi. A na uku, ina cikin zuƙa Alhaji ya ce in an gama rodajin yana da buhun taki goma da za a kai Ɗan Barto. Dariya ta kama ni, baki cike, na haɗiye. Na tofar da saura, na kurkure baki, na ci gaba da aikina. A hanyar gida na tsaya na sha nono ƙwarya guda, kamar yadda muka saba in isansi ya wuce maƙogwaro. A jikin galan ɗin akwai hoton ƙoƙon kai da rubutun Ingilishi. Hoton na gani, na ce ai isansi ma guba ne kuma ga ni a raye. Rubutun ban iya karantawa ba, ban kuma nemi mai iyawa ba.

Ranar ban ji komai ba sai ɗan jiri. Washegari da hantsi kaina ya fara sarawa, cikina yana murɗawa, na yi amai sau biyu. Na buɗe garaji duk da haka. Ina ƙoƙarin ɗaura wani ƙaramin noti sai na ga ya zama biyu, sannan komai ya yi fari-fari kamar an shafa wa gilashi sabulu. Na wanke fuska, bai tafi ba. Alhaji ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti.

A nan na yi kuskuren da ya fi na tiyo muni. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke duba marasa lafiya, wanda ni nake gyara masa babur, ya tambaye ni me na ci, me na sha. Ɗakin cike da mutanen da suka san ni. Na ce masa mai na haɗiye jiya wurin aiki. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da zai fahimta. A bakinmu isansi mai ne, gazuwal na manyan motoci mai ne, na giyar mota mai ne, har na suya. Makanike ya ce mai, kowa isansi zai ɗauka. Ya saurari ƙirjina, domin isansi huhu yake fi ɓatawa, ya ce ƙirjin lafiya, sai dai wannan maganar ido ba ta yi masa kama da isansi ba. Ya sake tambaya ko na tabbata. Na ce mai ne dai. Alhaji ya dube ni, na kawar da kai, shi kuma ya kama bakinsa don na roƙe shi tun farko kada ya tona ni. Aka kwantar da ni, aka sa mini ruwa, ana jiran a ga abin da jini zai nuna. Na kwanta ina kallon fankar sama tana narkewa a idona, na zaɓi in makance da in ce gemuna da furfura ina wasa da mota.

Maiɗakina ce ta warware. Ta iso bayan azahar, ta ji abin da na faɗa, ta juya gida. Ta dawo da galan a hannu ɗaya, motar a ɗaya hannun, ta dire su a kan teburin majo gaban kowa. Ta ce masa wannan ne man, wannan ce mai shan man, wancan na kwance kuma shi ne direba. In za a yi dariya a yi yanzu a gama, sannan a duba mata idon mijinta. Ba wanda ya yi dariya. Majo ya karanta jikin galan, ya ce yawancinsa metanol ne, guba ce mai bin jijiyar ido, ba ta nuna kanta sai ta kwana a jiki, nono kuma ba ya yi mata komai. Ya ce da na faɗa tun da safe da tuni ina babban asibitin Damagaram. Kafin la'asar muna kan hanya.

Kwana tara na yi a can. Idon dama ya dawo kusan yadda yake. Na hagu bai dawo ba; har yau in na rufe na dama, inuwar mutum kawai nake gani. Likitan bai ɓoye mini ba, ya ce a irin wannan guba awoyi ake lissafi, kuma ni na zubar da su da yawa.

Da na dawo gida Alhaji ya zo yana neman gafara, ya ce ya kamata ya yi magana, ya kuma ce bari ya kai motar ya jefa a wata rijiya da ta mutu. Na ce masa laifin nawa ne, motar kuma saura tanki biyu a rodajinta, ban taɓa barin inji a tsakiyar rodaji ba. Maiɗakina ta yarda bisa sharaɗin ita za ta riƙe makullin akwatin da galan yake. Na aika Kano aka kawo mini kwalbar da na raina. Na sa majo ya fassara mini rubutun galan layi-layi, na kwafe a kwali na manna a bangon garaji. Na gama rodajin. Daga nan na bi gyaranta ɗaya bayan ɗaya, ba na taɓa na biyu sai na ga amfanin na farko: na fara da matatar iska mai soso biyu da nake wankewa in shafa mata mai bayan kowace fita, sannan buji mai jure zafinmu, sannan na koyi juya allurar kabureta kaɗan-kaɗan, ina barin ɗan hayaƙi yana fita don kada injin ya bushe ya ƙone. Da ido ɗaya nisa yana ruɗa ni, na fasa mata gaba sau uku a jikin kututture kafin na saba. Yanzu a filin ƙwallo nake tuƙa ta da rana tsaka, kowa yana gani. An yi dariyar, ta mako biyu ce, ta wuce.

Abin da na koya shi ne tsarin da nake taƙama da shi na abin da na riga na sani ne kawai. Da sabon abu ya zo, na auna shi da tsohon, kuma na ji kunyar tambaya. Ga mai son sayen irin wannan mota, ka saya, ba laifi ba ne, amma ka haɗa da kwalbar zuba mai, ka nemi wanda zai karanta maka galan, ka kulle shi inda ba za a ɗauka wani abin sha ne ba. 'Yan'uwana makanikai da masu sayar da isansi, ku raba bakinku da tiyo. Na yanke nawa gunduwa-gunduwa, famfon hannu nake amfani da shi. In kuma tsautsayi ya faɗa muku, kada ku tsaya shan nono kuna jiran gobe. Ku tafi asibiti nan take da galan ɗin a hannu, ku faɗi sunan abin da kuka haɗiye da ƙarfi, ko ɗakin cike yake da surukanku.

Ni yau in mutum ya shigo garaji ya ce mini mai, ba na motsawa sai na tambaye shi wane iri. Wasu suna cewa na cika ƙa'ida. Sai in juyo musu da idon hagu.