Juma'ar da Tasi Ta Bi Mai Keke

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai taɓa Juma'ar da na yi a garin Kobe na ƙasar Japan. A Hindawiyya aka haife ni, cikin Jidda, kuma a wani gareji na unguwar Khumra na koyi kanikanci. Wata shekara maigidana ya tura ni Japan in zaɓo masa tsofaffin injinan mota, don ya ce kunnena ya fi nasa jin ciwon inji.

Ranar tafiya na je sallama da mahaifina. Tsohon nan da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi, ya ratsa Sudan har ya ga Ka'aba. Bai ce in kula da kaina ba. Cewa ya yi, "Ya waladi, ɗana, ka san sauran. Amma Juma'a, kada ta wuce ka. In ka dawo zan tambaya." Na san zai tambaya, na kuma san ba zan iya duban idonsa in yi ƙarya ba.

Juma'a ta same ni a filin injina. Tafintan da aka haɗa ni da shi ya ce akwai masallaci a garin, amma shi ba zai iya barin aiki ba, sai dai ya rubuta mini adireshi. Na yi dariya na ce ya bari. Mu a Jidda wa ke neman wuri da adireshi? Ka ce wa direba bayan masallaci kaza, kusa da mai gurasa, shi ke nan. Lokacin babu wayar da za ka latsa mota ta zo har ƙofa kamar yadda 'ya'yana ke yi yanzu. Na yi alwala, na zura farar jallabiya, na fita titi da gadarar ɗan birni.

Motocin tasi na ta wucewa, kowace da 'yar fitila a gilashin gaba, wata ja, wata koriya. Hankali ya ba ni cewa kore shi ne bismilla, ja kuwa a tsaya nesa. Na dinga ɗaga wa masu kore hannu, suna wuce ni kamar ban da rai. Masu ja kuma suna rage gudu a gabana, ni ina kau da kai. Sai da wata tsohuwa mai kwandon cefane ta gaji da kallona, ta nuna mini mai ja da laimarta. Ashe ja ce ba kowa a ciki.

Na nufi ƙofar gaba, don a wurinmu namiji ba ya zama a baya ya mai da direba yaronsa. Ina kokawa da ita sai ƙofar baya ta buɗe da kanta, ta buge ni a gwiwa. Na shiga ina ɗingishi, na fara ciniki da yatsu kamar ina bakin kasuwar Balad ta Jidda. Direban, dattijo mai farar safar hannu, ya nuna mini mita kawai.

Na ce masallaci da Larabci, na ce da ɗan Turancina, bai gane ba. Sai na ɗaga hannuwa daidai kunne, na sunkuya. Fuskarsa ta washe, ya ja mota. Da muka tsaya, sai ga ni gaban wata jar ƙofar katako, mutane na tafa hannu suna rusunawa. Wurin ibadarsu ya kawo ni. Ya buɗe ƙofa, na ƙi fita. Na duba agogo, na san liman ya hau mumbari. Wallahi har hawaye ya taru mini, amma na ce mutumin da ya keta Sudan da ƙafa ba zai ji cewa ɗansa ya kasa samun masallaci yana zaune a kan kujerar mota ba.

Na yi masa alama ya ci gaba da tafiya, na sauke gilashi, na koma dabarar Jidda: in ka ɓata, nemi fuska. Muka yi ta zagaya ina leƙen mutane. Can sai na hango wani mai gemu da baƙar hular 'yan Indonesiya, irin wadda na saba gani a kan alhazai, yana taka keke da sauri. Na zuro kai na kwarara, "Assalamu alaikum!" A garin da ba a ɗaga murya, titi duka ya waiwayo, direbana ya dafe sitiyari.

"Wa alaikumus salam! Juma'a?"

"Juma'a!"

Ya yafito mu da hannu. Na dafa kafaɗar direba na ce, "Yalla, bi shi!" Wannan kam ya gane. Haka tasi ta bi keke lungu-lungu, har na hango hasumiya tsakanin gidaje, na jiyo ƙira'a. Ina laluben aljihu ƙofar nan da ta buge ni ta buɗe, dattijon ya kaɗa farar safarsa alamar in ruga. Na watsar da takalma, na shiga sahu daidai liman na sunkuyawa ruku'un raka'a ta biyu. Na samu. Da na fito, yana tsaye jikin motarsa yana jirana, ya rusuna mini, ni ma na rusuna.

Da na koma Hindawiyya, ban gama zama ba tsohon ya ce, "Juma'a fa?"

"Raka'a ɗaya na samu, Baba, na cika ɗaya."

Na ba shi labari, ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Wannan ce ta farko da ka je da kanka. Sauran duk Jidda ce ta kai ka."

Gaskiya ya faɗa. A nan ladan ke kira, kantuna su rufe, jama'a su ja ka zuwa sahu ko ba ka shirya ba. Sai da na je inda babu mai kira na koyi cewa abin da ka riƙe da gaske, kai ne za ka tashi ka neme shi.